Neman fari, da abin da ya jawo wa tsohon leshi

A cikin littafin Elizabeth Gaskell mai suna Cranford, wanda ya fito a Ingila a 1853, akwai wata tsohuwa da mijinta soja ya rasu ya bari. Talauci ya yi mata sallama, amma ba ta yarda a gani ba. Abin tunƙahon da ya rage mata a duniya shi ne wani ɗan tsohon leshi na wuyan riga. Ko 'yar aikinta ba ta yarda ta taɓa shi, ita da kanta take wankewa, kuma a madara take jiƙa shi. Ran nan ta jiƙa, ta ɗan ba da baya, kafin ta waiwayo kyanwa ta lashe madarar tas, ta haɗa har da leshin ta haɗiye. Tsohuwa ba ta yi wata-wata ba, ta aika aka aro mata dogon takalmin likitan garin, ta cusa kyanwar a ciki don kada ta yakushe ta, ta ɗura mata maganin amai. Leshi ya dawo. Ta sake wanke abinta, ta shanya, ta ci gaba da shiga taron manyan mata da shi ana yabawa.

Labarin ƙirƙira ne, amma madarar ba ƙirƙira ba ce. Matan Turai sun daɗe suna jiƙa leshi a madara, don tana sassauta dauɗa, tana kuma bar masa wani launi mai taushi, ba fari fat ba. Wannan ɗaya ce kawai daga cikin dabarun da aka yi ta gwadawa fiye da shekara 400. In mutum ya bi dabarun nan ɗaya bayan ɗaya, zai ga yawancin leshin da ya salwanta ba dauɗa ce ta ci shi ba. Hannun mai son ya ga ya yi fari ne.

A warware wani abu tukuna. Leshin da ake magana ba irin wanda muke saya a Kantin Kwari ba ne. Namu yadi ne da inji ya yi wa ado ya huda masa ramuka. Nasu na asali ba shi da yadi a ƙarƙashinsa sam, zare ne zalla aka ƙulla da zare, sauran kuma iska. Ya bayyana a ƙarni na 16, a birnin Venice na Italiya da kuma yankin Flanders, inda Beljiyam take a yau. Iri biyu ne. Akwai na allura, wanda ake tayarwa ƙulli bayan ƙulli a kan zanen da aka yi a fata ko takarda. Akwai kuma na kwarkwaro, inda mai saƙa take ɗora matashi a gabanta, ta kafa fil-fil a kai, ta yi ta sarƙa zaruruwa masu rataye da ƙananan sanduna, wani lokaci ɗaruruwa. Zaren na lilin ne, siririn da a Flanders a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu laima ake kaɗa shi, don busasshiyar iska tana tsinka shi. A garin Alençon na Faransa, inda har yau ake wannan aiki, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon ɗan Adam a 2010, wurin da bai fi farcen ɗan yatsa ba, wato santimita ɗaya murabba'i, yana cin kamar awa 7.

Abin da aka sha wa irin wannan wahala ba a yar da shi don riga ta tsufa. Shi ya sa tun farko ba a ɗinke shi da riga ɗinkin mutu-ka-raba. Ɗan kamu ake yi masa a wuya, ko a bakin hannu, ko a gindin riga, in ya yi datti a warware a wanke shi daban, in rigar ta mutu a mayar da shi kan sabuwa. Ana rubuta shi a wasiyya kusa da zinariya da azurfa. Uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika. Ke nan abu ɗaya yana iya ratsa hannun masu wanki na zamani huɗu ko biyar, kowanne da irin tasa hikimar.

Hikimar farko sitaci ce. A 1564 wata mata 'yar Flanders, Dinghen van der Plasse, ta sauka a Landan ta buɗe sana'ar koyar da sa sitaci, tana karɓar fam huɗu zuwa biyar a hannun kowace ɗaliba, kuɗin da a lokacin ya isa a kira shi dukiya. Dalili kuwa shi ne yayin wata irin kwala da ta cika Turai, mai faɗi kamar faifai, mai ninki-ninki, da leshi a bakinta, wadda in mutum ya sa sai ka ga kansa kamar an ɗora a kan tire. Kwalar nan ba ta tsayawa sai da sitacin alkama, kuma yayyafi kaɗan ya isa ya kwantar da ita. Duk sanda ta kwanta sai a wanke, a sake sa sitaci, a busar, a yayyafa ruwa, sannan a bi ninkin ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe da aka gasa a wuta. A tuna zaren da ake yi wa haka ya fi gashin kai siranta. Ga zafi, ga ja, ga kuma sitacin kansa wanda abinci ne ga ƙwari in an ajiye. Ba mamaki kwalolin da suka kai zamaninmu 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a zanen masu zane kawai muka san su.

Wajen fari kuwa, mutanen wancan zamani ba su da abin da ya wuce toka, da nono mai tsami, da rana. Garin Haarlem na ƙasar Holan shi ya yi suna a wannan. A jiƙa lilin a ruwan toka, a ɗauraye, a tsoma a tsala, a shimfiɗa a kan ciyawa ana yayyafa masa ruwa, a sake komawa farko. 'Yan kasuwar Ingila kan aika da kaya da bazararsu, su karɓa da kaka. Duk wadda ta taɓa wanki da ruwan toka ko sabulun salo ta san kaifinsu, amma jinkirin aikin ya zama rahama: mai yi yana gani da idonsa, yana iya tsayawa kafin ya yi ɓarna.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta kwalba, wadda littattafan kula da gida na ƙarni na 19 suka yi ta maimaitawa. A samu babbar kwalba, a lulluɓe ta da farin ƙyalle mai laushi a ɗinke. A kamo bakin leshin a ɗan soke shi da zare a jikin ƙyallen, sai a yi ta naɗawa a hankali, zagaye bisa zagaye, ana baje kowane ɗan haƙori na bakinsa da yatsa don kada ya lanƙwashe. In an gama a rufe da wani siririn ƙyalle a sake ɗinkewa. Wasu kan fara shafa masa man zaitun ya jiƙu. Daga nan sai a cika kwalbar da ruwa don kada ta yi iyo, a tsayar da ita a tukunyar ruwan sabulu, a dafa. A sauke, a ɗauraye, a kai rana ta bushe da leshin a jikinta. In an warware sai ya fito a miƙe, ba ya bukatar guga. Wadda ta fara ƙirƙiro wannan ta gane abu mafi muhimmanci, wato jiƙaƙƙen leshi ba ya son cuɗa, ba ya son matsa, ba ya son a ɗaga shi da nauyin ruwa a jikinsa. Kwalbar ce take ɗaukar masa nauyin. Inda ta kuskure shi ne tafasar, da kuma man da ba ya fita duka, ya zauna a zare shekaru su mayar da shi ruwan ƙasa.

Masu hali ba sa ma wahalar da kansu, akwai ƙwararrun masu wankin leshi a Paris da Brussels da Landan. Su ne in sun wanke sai su kafe shi a kan allo mai laushi, kowane ɗan haƙori da nasa fil, sannan su bi furannin su tayar da su da ɗan ƙashi mai santsi. A Alençon da ƙafar wata dabbar teku dangin ƙaguwa ake wannan gogen. Baƙin leshi na siliki kuma da shayi ake ɗauraye shi, ko giya, ko ruwan maɗaciyar sa. In yayi ya juya aka daina son fari ana son launin hauren giwa, sai a tsoma shi a kofi. Shekara goma in yayin ya sake juyawa, a koma neman hanyar fitar da kofin.

A Brussels neman fari ya kai ga cin rai. Akwai irin leshin da ake yin furanninsa daban, sannan a ɗora su a kan raga. Kafin furen ya bar hannun mai saƙa ya riga ya yi duhu da gumi da hayaƙin fitila, kuma ba a son a wanke sabon kaya, don wanki yana rage masa daraja a kasuwa. Sai aka koma barbaɗa masa garin farar dalma, a sa a tsakanin takardu a bubbuga har garin ya shige zaren. Matan da ke wannan aiki suna shaƙar garin kullum, gubar dalma ta yi ta nakasa su. Mai saye ma ba ta tsira ba, don dalmar tana baƙi in ta haɗu da iska mai hayaƙin farar wuta, irin ta biranen da ke ƙona kwal. Leshin da aka saya fari sol, wata rana a buɗe akwati a tarar ya yi toka-toka, kuma ba ya komawa.

Sai kulorin ya zo. Wani masani ɗan Faransa, Claude Berthollet, ya nuna a 1785 cewa wannan sinadari yana faranta yadi, aka fara haɗa ruwansa a unguwar Javel ta Paris, sunan da Faransawa suke kiran bilic da shi har gobe. A 1799 Charles Tennant na Glasgow ya fito da na gari, mai sauƙin ɗauka da arha. Aikin da Haarlem ke yi a wata shida ya koma na yini ɗaya. Ga masaƙun Ingila wannan alheri ne babba. Ga tsohon leshi kuwa, ban san masifar da ta kai shi ba. Kulorin ba wanke launin kawai yake yi ba, yana gutsure ƙwayar zaren kanta, kuma in ba a ɗauraye sosai ba yana ci gaba da ci bayan kaya ya bushe. Mugun abin shi ne ɓarnar ba ta bayyana a ranar. Ranar kam sai murna, kaya ya fito tas. Sai an kwana biyu, a taɓa shi ya rabe kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Siliki ma ba ya jiran kwana biyun, a nan take yake lalacewa.

A daidai lokacin inji ya shigo sana'ar. John Heathcoat ya ƙera injin saƙa raga a 1809, John Leavers ya kyautata shi a Nottingham a 1813, kafin a jima 'yar aiki ma tana iya sa leshi ranar Lahadi. Masu kuɗi suka ga an cika musu fili, sai suka koma farautar tsoho, na hannu, na zamanin kakanni. Dillalai suka bi gidaje da majami'u na Italiya da Sifen suna saye. Abin da suka yi da shi abin takaici ne: a yanyanka kwalar da ta shekara 200, a fitar da furannin, a wanke su da bilic, a jera su a kan ragar inji daidai da yayin shekarar, a tsoma a kofi don ya nuna tsufa. Da yawa daga abin da ke gidajen tarihi yanzu irin wannan haɗin gambiza ne. Wankin da ba ruwa ma a ƙarnin ya taso. Wani tela baƙar fata a New York, Thomas Jennings, ya yi rajistar tasa hanyar tun 1821, daga baya Paris ta yi suna da wanki da man tafentain da dangin fetur. Ya taimaki siliki ƙwarai, amma da matan gida suka fara kwaikwayo da kwanon fetur a kicin kusa da murhu, gobara ta ci gidaje da mutane.

Wanda yake son ya ga abin da kulawa ta gari take iya yi, da inda take tsayawa, ya dubi gidan sarautar Ingila. Sarauniya Biktoriya ta yi aure ran 10 ga Fabrairu 1840 da leshin Honiton, wanda matan ƙauyen Beer da kewaye a yankin Devon suka saƙa. Ba ta bar shi a jikin rigar auren ba. An cire shi, ta yi ta sa shi a kan wasu riguna a manyan ranakun rayuwarta har tsufa, kuma da mayafin auren aka rufe ta a 1901. A 1841, bayan ta haifi 'yarta ta fari, ta sa aka ɗinka rigar baftisma ta siliki da leshin Honiton ɗin. Rigar nan jarirai 62 suka sa ta cikin shekara 163, har da Sarauniya Elizabeth ta biyu a 1926 da Sarki Charles a 1948. Duk bayan biki sai a wanke ta da hannu da ruwan marmaro, a mayar da ita ɗaki mai duhu. Ba bilic, ba rataya a rana, ba a fito da ita sai an yi haihuwa. Duk da haka, bayan an sa wa wata jaririyar gidan, Lady Louise, a 2004, aka ga ta gaji, aka yi mata ritaya. Mai kula da tufafin Sarauniya Elizabeth a lokacin, Angela Kelly, ita aka ɗora wa yin irinta sak. Ta je Italiya neman leshi, da ya zo sai ya yi fari da yawa, bai yi kama da na gidan ba. Ta ba da labari a littafinta na 2019 cewa a kwanon ruwan shayi ta riƙa tsoma shi guntu-guntu har ya ɗauki launin tsohuwar. An fara sa sabuwar a 2008. Launin da aka shekara 400 ana yaƙi da shi, ga shi ana nemansa da ganyen shayi.

Bayan yaƙin duniya na farko leshi ya fita daga yayi, kuma ina ganin babu abin da ya cece shi kamar wannan. An tura shi ƙasan akwati an manta. A shekarun da yake kwance cikin duhu ne garin sabulu mai ƙarfi ya cika gidaje (Persil ya fito a Jamus tun 1907), injin wanki ya shigo, aka kuma fara zuba wa sabulu wani sinadari mai yaudarar ido, wanda yake manne wa zare ya sa shi ƙyalli shuɗi-shuɗi don a ga kamar ya fi fari. Aikin bula ke nan, sai dai ita bula tana fita, shi kuwa ba ya fita. Leshin da aka manta da shi ya tsallake duk wannan. Wanda aka tuna da shi don za a yi biki, shi ya shiga uku.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 ne tunanin ya sauya daga tushe. Kula da tsofaffin tufafi ya tashi daga hannun mai wanki ya koma ilimi mai zaman kansa. An kafa gidauniyar Abegg a Riggisberg ta Suwizalan a 1961, masana suka yi babban taro a Delft a 1964, sannan a 1975 wata 'yar Denmak mazauniyar Ingila, Karen Finch, ta buɗe cibiyar koyar da wannan aiki a fadar Hampton Court. Cibiyar ta koma Winchester daga baya, yau kuma a Jami'ar Glasgow ake ci gaba da karatun. Waɗannan mutane ba su ce kada a wanke leshi ba. Sun gano cewa jan da lilin da auduga suke yi da tsufa yana tafe da wani tsami da zaren yake fitarwa da kansa, kuma tsamin yana ƙara cin zaren, don haka wanki mai hankali yana ƙara masa kwana. Tambayar da ake yi ce ta canza. Da ana tambaya ko ya yi fari. Yanzu ana tambaya mene ne a jikinsa da ke cinsa, kuma zai jure fitarwar?

Shi ya sa aikin nasu rabinsa dubawa ne. A sa zare ɗaya a madubin ƙara girma a gane lilin ne, ko auduga (wadda ta fara maye gurbin lilin a leshin hannu tun wajen shekarun 1830), ko siliki. A ɗiga ruwa a wani lungu a ga ko wani launi zai zuba. A ɗora raga a kai a zuƙe ƙura da inji mai ƙarfi kaɗan, sau da yawa ma a nan aikin yake ƙarewa. In sai an wanke, a kwantar da shi tsakanin raga biyu a faffaɗan tire, a zuba tataccen ruwan da aka raba da gishiri da ƙarfe, da ɗigon sabulu marar kaifi, marar ƙanshi. A Amurka wanda aka fi amfani da shi, Orvus, asalinsa na wankan dawaki da shanu ne. A riƙa dannawa da soso daga sama zuwa ƙasa, ba gogawa. A ɗauraye sau da yawa, tiren ake karkatawa ruwa ya fita, leshin ba ya motsi. Sannan a zame shi kan gilashi, a daidaita shi da yatsa yana jiƙe, ya bushe a haka. Dutsen guga ba ya zuwa kusa. Wajen ajiya, a kwance ko a naɗe a kan bututu, a cikin takarda marar asid, da ɗan cusa a duk inda ninki ya zama dole. In za a nuna wa jama'a, haske ba ya wuce ma'auni 50 na luks, wato duhu-duhun da ido sai ya ɗan saba, laimar ɗaki kuma a tsaya wajen kashi 50 cikin 100. Tabon da ya ƙi fita, in ba ci yake yi ba, a bar shi.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne namu leshin ma ya fara tsufa. Wanda muka sani jikan injin da Isaak Gröbli ya ƙera ne a yankin St. Gallen na Suwizalan a 1863. Daga shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na Ostiriya suka sami kasuwa a Legas, arzikin man fetur ya zo ya hura wutar abin, leshi ya hau Arewa ya shiga akwatin lefe ya zauna daram. Ko da gwamnatin soja ta hana shigo da shi a tsakiyar shekarun 1970, bai fasa zuwa ba, hanya kawai ya sake ta Kwatano. A 2010 wani gidan tarihi a Vienna ya shirya nuni a kan wannan ciniki, aka kawo nunin Legas a shekarar da ta biyo. Ma'ana, boyel ɗin da iyayenmu suka yi amarci da shi ya kai shekara 50, ya kai matsayin da ake sa irinsa a bayan gilashi. Mu kuwa har yanzu a zamanin Berthollet muke.

Da kaina na yi. Hajiyarmu tana da wani farin leshi na lefenta, riga da zani da ɗankwali, mai ramuka kamar idon zakara, kowanne an zagaye shi da zare mai sheƙi. Yana ƙasan adaka a cikin leda, da ƙwayoyin kafur, ga ƙanshin turaren wuta ya kama shi. Da bikin autarmu ya taso na roƙe ta ta ba ni in sa ranar kamu. Da na warware sai na ga ya yi ja-ja, layin ninkin ya fi ko'ina duhu, ga wani ɗigon tsatsa a ƙirji inda aka manta da fil. Na kai wa mai wanki da guga na unguwarmu, na ce, "Malam, don Allah so nake ya fito fari fat, kamar yau aka yanko shi." Ya juya shi, ya ɗan ja bakin zanin da yatsa biyu, ya ce, "Hajiya, wannan fa ya kwana biyu." Na ce ai shi ya sa na kawo masa. Bai ƙara magana ba. Kwana uku ya kawo shi fari sol, ya sha bilic, ya sha bula da sitaci, an danne shi da dutsen guga har yana ƙara. Na ƙara masa kuɗi a kan abin da ya ce.

Ranar kamun na ɗaura zanin, na ja don in soke, sai na ji wani ɗan sauti kamar an yaga takarda. Ya tsage a kan layin ninkin, tiryan-tiryan, daga ƙugu har gwiwa. Inda tsatsar take a rigar kuma rami ne ya buɗe, yatsa yana shiga. Na shiga ɗakin Hajiya da zanin a hannu, na kasa magana. Ta karɓa, ta shafa wurin, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Babanku da kansa ya je Legas ya zaɓo shi."

Daga baya na gane ba bilic ɗin kaɗai ba ne. Ledar ta tsare masa laimar damina 40, turare da humra sun bar mai a zaren, ninki ɗaya da ba a taɓa sakewa ba ya karya shi a wuri ɗaya, tsatsa kuma ta riga ta cinye inda ta zauna. Bilic da zafin guga ƙarasawa suka yi.

Ɗankwalin ne kaɗai ya tsira, don ranar da na kai wankin na manta da shi a kan gado. Yana nan da jansa. Na fitar da shi daga leda, na raba shi da kafur, na naɗe shi a kan wani bututun kwali da na lulluɓe da alawayyon da aka wanke sau uku ba sitaci, na sake rufewa da wani alawayyon. In hunturu ya shigo iska ta bushe nakan buɗe shi a inuwar ɗaki in duba ko asu ya shiga, in mayar. Watan jiya 'yar yayata, wadda aka sa wa rana bayan Sallah, ta gan shi ta ce, "Anti, wannan ba na Hajiya Babba ba ne? Ki ba ni in kai a wanke min, in ɗaura ranar walima." Na ce ɗaurawa dai za ta ɗaura, na awa biyu, ba fil, ba feshin turare. Wanki kuwa sai dai ta haƙura. Ta ce to ai bai dace da farin kayanta ba. Na ce ta sake kayan. Har yanzu ba ta ba ni amsa ba.